Ƙara wa Wuyan Tirela Tsawo ko Rage Shi: Yadda Ake Yi Ba Tare da An Jawo Haɗari Ba

Ƙananan tirelolin da ake ɗaura wa mota a baya sun yawaita: ta ɗaukar janareto, ta tankin ruwa, ta kai taki gona, ta masu hayar kujeru da rumfunan biki. Wasu daga Turai aka shigo da su, wasu kuma maƙeran gida ne suka haɗa su a wurare irin su Panteka ta Kaduna. Ko wace iri ce, akwai ranar da mai ita zai ga wuyanta bai yi masa ba, wato ƙarfen nan da ya miƙo daga gaban bodi zuwa maɗaurin da ke hawa kan ƙwallon ja na mota. Wani idan ya karya kwana sai kusurwar bodi ta fasa masa fitilar baya. Wani ƙofar bayan motarsa ba ta buɗuwa sai ya kwance tirela. Wani kuma ribas ke ba shi wahala, da ya ɗan taɓa sitiyari ta naɗe.

Abin da aka saba shi ne a kai wa mai walda, ya yanke ƙarfen a tsakiya, ya sa guntu, ya zagaye da walda, a shafa fenti. Kafin la'asar an gama. Irin wannan aikin ne ke karyewa a kan titi, tirela mai nauyin tan guda ta rabu da mota cikin gudu ta nufi duk wanda ta tarar. Walda ita ce ƙaramin ɓangaren wannan aiki. Babban ɓangaren awo ne da lissafi, kuma kafin a kunna inji ake yin su.

Abin da tsawo yake canjawa

Rataya bokitin ruwa a tsakiyar sanda ka riƙe gindinta, sannan ka matsar da shi can ƙarshe. Ruwan bai ƙaru ba, amma hannunka zai gaya maka an samu canji. Haka wuyan tirela yake. Idan ka ƙara masa tsawo abu biyu ne ke faruwa lokaci guda: nauyin da ke sauka kan ƙwallon mota yana raguwa, wahalar da ƙarfen ke sha a gindinsa, inda ya haɗu da shasi, tana ƙaruwa.

Ɗauki tirela mai nauyin kilo 1,000 da kayanta. Daga tsakiyar aksil zuwa ƙwallo santimita 250 ne, wuyan da ya fito waje santimita 100, nauyin da ke kan ƙwallo kuma kilo 120. Kana so ka ƙara santimita 60. Sabon nauyin kan ƙwallo shi ne tsohon nauyi sau tsohuwar tazara, a raba da sabuwar tazara: 120 sau 250 a raba da 310, ya ba da kusan kilo 97. Ka sauko daga kashi 12 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 10.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin nauyin kan ƙwallo shi ke hana tirela lilo. A Amurka ƙa'idar da ake bi ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na dukan nauyin tirela. A Turai sukan tsaya wajen kashi 5 zuwa 7, amma su ba a sakar musu gudu ba: a Jamus mota mai jan tirela kilomita 80 a awa ce iyakarta sai da izini na musamman. A kan titin da ke da ramuka da manyan motoci masu wucewa da iska, ni dai na fi natsuwa da kashi 10 zuwa sama, muddin motar za ta iya ɗauka.

To, ka ce bari ka matsar da kaya gaba nauyin ya koma 120. Daidai ne, amma dubi gindin wuya. Wahalar wurin ita ce nauyin kan ƙwallo sau tsawon wuya. A da kilo 120 ne a kan mita 1, wato 120. Yanzu kilo 120 ne a kan mita 1.6, wato 192. Ƙarfen da ke wurin zai ɗauki ƙarin kashi 60 cikin 100, kuma wannan tirela na tsaye ke nan. Idan taya ta faɗa rami, ninki biyu ko fiye yake zama na ɗan ƙiftawar ido, sau dubbai a tafiya ɗaya. Shi ya sa wanda ya ƙara guntu a gaba ya bar tsohon ƙarfe a gindi yakan ga ta karye a wurin da bai taɓa ba.

Ribar dogon wuya a fili take: ribas ya fi sauƙi, tirela ta fi natsuwa a gudu. Asararsa kuma, ban da wahalar ƙarfe, ita ce tayoyin tirela za su ƙara yanko kwana ta ciki, sai ka riƙa buɗe hannu a lungu kada su faɗa kwata.

Mataki na 1: duba ko tirelar ta cancanci a taɓa ta

Wanke ƙarƙashinta, ka shiga da tocila da ƙaramar guduma. Bi wuyan da gaban shasi kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda tsatsa ta ci ta ciki kuwa sai ka ji "dif", wani lokaci ma ɓawo ya zubo. Fayif yakan ruɓe ne daga ciki, ta ƙasan da ruwa ke kwanciya, fenti na nan fes a waje. Idan ƙarfen gicciye na gaba ya ci, babu amfanin ɗora masa sabon wuya sai an canja shi.

Iri uku ne ba a kai su wurin walda. Na farko tirelar alminiyom, domin zafin walda yana rage ƙarfinsa sosai a gefen ɗinki. Na biyu tirelar Turai mai wuyan da aka ɗaure da noti, mai rufin farin ƙarfe, wadda ke da ɗan faranti mai lambobi a jikin wuyan, irin na kamfanonin AL-KO da Knott. An gwada shi ne a wannan tsawon, a can kuma wanda ya yi masa walda ya soke takardar amincewarsa. Maganinsa a nemi wani mai tsawo a kwance tsohon a ɗaura sabo. Na uku wadda shasinta ya riga ya karkace.

Idan tirelar tana da takardu da lamba, ka tuntuɓi ofishin VIO kafin ka canja tsawonta.

Mataki na 2: awo

Ɗora mata kayan da ta saba ɗauka, a yadda ka saba jera su, a kan daɓe mai daidai. Kana bukatar dukan nauyinta. Sikelin awon manyan motoci ya fi, idan babu ka haɗa lissafi: buhun siminti kilo 50, litar ruwa kilo 1, saboda haka tanki mai lita 1,000 tan guda ne cif kafin a sa nauyin tirelar kanta.

Nauyin kan ƙwallo kuma sikelin awon mutum yana iya auna shi. Sa katako a tsaye tsakanin sikeli da maɗauri, tsawonsa ya sa wuyan ya tsaya daidai tsayin da yake yi a jikin mota. Idan nauyin ya fi ƙarfin sikelin, ga dabara: shimfiɗa katako mai kauri, gefe ɗaya a kan sikeli, ɗaya gefen a kan wani katako mai tsayi daidai da sikelin, da guntun fayif a ƙarƙashin kowane gefe. Tazarar fayif ɗin biyu ta zama santimita 90. Sauke wuyan a santimita 30 daga gefen da babu sikeli. Abin da sikeli ya nuna ka ninka sau 3.

Rubuta waɗannan a takarda: daga tsakiyar aksil zuwa tsakiyar maɗauri, daga gaban shasi zuwa tsakiyar maɗauri, faɗi da tsayi da kaurin ƙarfen wuya, da tsayin ƙwallo daga ƙasa. Sannan leƙa farantin da ke jikin ƙarfen ja na motarka ko littafinta. A nan aka rubuta iyakar abin da za ta ja da iyakar nauyin da ƙwallo zai ɗauka. Ƙananan motocin Turai da yawa tsakanin kilo 50 zuwa 100 ne iyakarsu, saboda haka kilo 120 na misalinmu sai irin su Hilux.

Mataki na 3: tsawon da ya ishe ka

Auna faɗin motar a baya, raba biyu, ka ƙara santimita 20 zuwa 30. Wannan ita ce tazarar da ake so daga ƙwallo zuwa gaban bodi, don ko tirela ta naɗe ta yi kusurwa da mota kada su haɗu. Mota mai faɗin santimita 185 tana son wajen 113 zuwa 123. Idan akwai akwati, safayar taya ko jak a kan wuyan, daga gabansu za ka auna. Buɗe ƙofar baya ka tabbata za ta wuce.

Kada ka wuce abin da kake bukata don kawai fayif ɗin ya rage. Kowace santimita a gindin wuya ake biyan kuɗinta.

Mai son ragewa shi ma lissafin nan zai yi, a juye. Nauyin kan ƙwallo zai ƙaru: idan ka rage santimita 30 a misalinmu, 120 sau 250 a raba da 220 ya haura kilo 136. Ƙarfe zai huta, amma bayan mota zai zauna, gabanta ya yi sauƙi, sitiyari ya rage kama ƙasa. Ta gaba ake ragewa: a cire maɗauri, a yanke, a mayar da shi. Ba a yanke tsakiya a haɗa. Kuma kada a sauko ƙasa da rabin faɗin mota.

Mataki na 4: zaɓen ƙarfe

A nan aka fi tafka kuskure, domin mutane kauri suke dubawa, alhali tsayin ƙarfen ne ya fi hana shi lanƙwasa. Fayif mai kusurwa huɗu na milimita 50 da 50, idan ka ƙara kaurinsa daga 3 zuwa 5, ƙarfinsa rabi kawai zai ƙaru. Amma ka bar kaurin a 3 ka koma 75 da 75, ya ninka kusan sau biyu da rabi. Mai 100 da 50, idan an tsayar da shi ta dogon gefen, ya ma ɗan fi haka wajen ɗaukar nauyi daga sama, sai dai ya fi rauni ta gefe.

Koma kan misalinmu na 192. Fayif 50 da 50 mai kaurin 3 ya kai bakin lanƙwashewa tun tirelar ba ta motsa ba. Fayif 75 da 75 mai kaurin 4 kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa zai ci, ragowar na ramuka ne. Wannan ratar ake nema. Idan tirelar ta kai tan biyu, ko ta tankin ruwa ce da ke tambal-tambal idan bai cika ba, ka bar wuya mai ƙarfe ɗaya ka koma mai ƙarafa biyu siffar A, kuma ka sa injiniya ya duba maka lissafin.

Idan za ka saye, a Ƙofar Ruwa ne a Kano ko a ina, tafi da ma'aunin kauri ka auna da hannunka. Sunan da ake kiran fayif da shi a kasuwa da ainihin kaurinsa ba kullum suke zuwa ɗaya ba. Fayif ɗin ruwa, rodi, tsohon sifirin na mota da fayif ɗin ƙera ƙofa da taga duk ba na wannan aiki ba ne.

Mataki na 5: hanyar da ta fi, sabon ƙarfe guda ba haɗi

Idan aljihu zai ɗauka, cire tsohon wuya gaba ɗaya ka sa sabo mai tsawon da kake so. Shi ne kaɗai ke warware matsalar gindi.

Kwance tirela daga mota, sauke kaya, sa wa tayoyi waigi gaba da baya. Idan ta janareto ce a sauke tankin mai da batir a kai su nesa. Ɗaga shasi a kan matokaran ƙarfe ko manyan katakai. Bulo yana farfashewa ba tare da ya yi sallama ba, kada a shiga ƙarƙashin abin da ke kansa. Zare wayoyin fitila daga cikin tsohon wuya.

A yanke tsohuwar waldar da giranda a hankali, a ci waldar, kada a ci shasi. A goge wurin sai ya yi ƙyalli. Idan ƙarfen mai rufin fari ne a kankare rufin gaba ɗaya daga inda wuta za ta taɓa, a kuma yi aikin a fili, domin hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, yana kuma ɓata walda.

Sabon wuyan ya shige ƙarƙashin shasi ya wuce ƙarfen gicciye na farko har ya kai na biyu aƙalla. In ya kai kusa da maratayin sifirin na gaba ya fi. Wuyan da aka manna a goshin shasi kawai, waldar ce ke ɗauke da komai.

Yanzu saiti. Matse wuyan a wurinsa, ka auna daga tsakiyar inda ƙwallo zai zauna zuwa tsakiyar kan aksil na dama, sannan na hagu. Su zo ɗaya, bambancin kada ya wuce milimita 3. Idan ya wuce, tirela za ta riƙa tafiya a karkace tana cinye taya ɗaya. A ɗiga walda a wurare huɗu, a sake aunawa, domin zafi yana jan ƙarfe. Sai an tabbata sannan a ɗinke.

Ga wurin da za ka tsaya a kan mai walda. Hannunsa zai so ya ja layi a gicciye a saman wuyan, daidai inda ya fito daga ƙarƙashin ƙarfen gaba, don wurin ya fi sauƙin kaiwa kuma aikin ya fi kyan gani. Ka ce masa, "Maigida, don Allah bar saman nan, bi ta gefe." Wataƙila ya ce, "Alhaji, ai nan ne ƙarfin yake." Ba nan ba ne. Fuskar sama da ta ƙasa su suka fi shan ja da matsa duk lokacin da tirela ta yi tsalle, kuma bakin walda a gicciye a nan ne tsaga ke farawa ta bi layin ta yanke ƙarfen. A sa guntayen angil a gefe biyu na wuyan, a yi walda a tsawonsa, a manna angil ɗin da ƙarfen gicciye. Ana kuma iya ɗaurewa da noti mai siffar U kamar yadda kamfanoni da yawa ke yi.

Sandar walda ta 6013 da aka fi samu tana yi wa ƙaramar tirela idan hannun ya ƙware, amma 7018 ta fi ta jure girgiza, da sharaɗin a bushe take, ba ta kwana a buɗe cikin damina ba. Ƙarfe mai kaurin milimita 4 yana son sandar walda geji 10 da wuta isasshiya. Idan wutar NEPA ta yi ƙasa, sanda tana liƙewa, walda tana taruwa ƙuraje-ƙuraje a sama ba ta narke cikin ƙarfe ba, a dakata a tada janareto. A riƙa yin gefe ɗaya kaɗan a koma ɗayan don kada ya ja. A kakkaɓe ƙashin walda a duba: babu ramuka, babu kwari a bakin ɗinki. Kuma a bar shi ya huce da kansa, ba a watsa masa ruwa.

A ƙarshe ƙara ƙarafa biyu daga kusurwoyin shasi zuwa wajen tsakiyar wuya. Suna hana shi kaɗawa gefe, suna kuma raba masa kaya.

Mai wuya siffar A tun asali, ƙafafun biyu zai canja. A lura cewa maɗaurin irin na Amurka an yi shi ne a kan kusurwar digiri 50, idan ƙafafu suka yi tsawo kusurwar za ta tsuke, sai dai a bar A ɗin yadda yake a zura fayif ɗaya ta tsakiya tun daga ƙarƙashin shasi ya fito gaba.

Idan dole sai an yi haɗi

Wannan na tirela mara nauyi ne, ƙari kaɗan, kuma sai lissafi ya nuna tsohon ƙarfen zai ɗauki sabon kaya a gindi. A yi haɗin can gaba kusa da maɗauri, domin wahalar ƙarfe tana raguwa ne yayin da ake matsowa ƙwallo.

A samo fayif da zai shige cikin wuyan ya cika shi ba ya motsi, ya shiga aƙalla santimita 30 ta kowane ɓangaren haɗin. A huda ramuka masu faɗin milimita 12 zuwa 16 a gefen fayif na waje, a saɓa su, a cike su da walda har ta kama na ciki. Bakunan biyu a fere su, a bar ratar milimita 2 don walda ta ratsa. Sannan a ɗora farantin ƙarfe a gefen dama da hagu, a yanke shi mai tsini gaba da baya, don kada a samu layin walda a tsaye a ƙarshensa. Kada a goge waldar ta baje don neman kyau.

Mai son haɗin noti, wanda za a iya zarewa, ya yi hujin ta gefe a tsakiyar fayif, ya sa guntun bututu a ciki don kada matsi ya lotsa bango. Bol biyu aƙalla, mai lamba 8.8 a kansa, da noti mai kulle kansa. Wanda babu lamba a kansa na kujera ne.

Mataki na 6: maɗauri, sarƙa, waya da birki

Duba lambar da ke kan ƙwallo da ta jikin maɗauri. Motocin Beljiyam ƙwallon milimita 50 ne da su, na Amurka kuwa inci 1⅞, inci 2 ko 2 5/16. Inci 2 milimita 50.8 ne, ido ba zai raba su ba, amma ba ɗaya ba ne. Maɗaurin inci 2 a kan ƙwallon 1⅞ kuwa zai hau lafiya, ya tashi a ramin farko. Bayan ka kulle, sa jak ka ɗaga wuyan: bayan motar ya kamata ya biyo shi sama.

Idan an ɗaura da kaya, shasi ya kwanta daidai, ko gaban ya ɗan sunkuya kaɗan. Gaba a sama lilo yake kawowa. A ƙwallon mota ake gyara tsayi, ba a lanƙwasa wuya.

Sarƙa biyu ake sawa, kowace mai iya riƙe dukan nauyin tirelar, a gicciya su a ƙarƙashin wuya, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, don idan maɗauri ya fita su tare shi kada ya caki kwalta. Su yi sakin da zai bari a karya kwana, ba wanda za su ja ƙasa ba. Da bol ake ɗaure su a jikin wuya, ba a yi wa zoben sarƙa walda, kuma ba a jikin bol ɗin maɗauri ba. Idan haɗi ka yi, su kama bayan haɗin.

Waya gara a ja sabuwa tun daga fitilu a kan a yi ƙulli a naɗe da salatif. A filogin Amurka mai baki huɗu fara ce ta ƙasa, wato wadda ake ɗaure wa jikin ƙarfe, ruwan ƙasa ta fitilar dare, rawaya hagu, koriya dama. A na Turai mai baki bakwai ma rawaya hagu, koriya dama, fara ta ƙasa, ja kuma ta birki. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata roba.

Tirelar da ke da birkin da ke kamawa idan ta turo mota, sandar birkinta za ta gaza tsawo (dokar Turai ta wajabta birki ga duk wadda ta haura kilo 750). A sa sabuwa guda mai tsawon, a yi mata marataya a tsakiya, a sake saita birkin, a mayar da siririyar wayar da ke jan birki idan tirela ta ɓalle. A shafa jan fenti mai hana tsatsa, a huda ƙaramin rami a ƙasan fayif can baya don ruwa ya fita.

Mataki na 7: gwaji

Mayar da kaya ka sake auna nauyin kan ƙwallo. Idan ya gaza kashi 10, matsar da masu nauyi gaba, wajen kashi 60 na kaya a gaban aksil, ka ɗaure su kada su zame. Inda kaya ba ya matsuwa, kamar janareton da aka kafe, a mayar da safayar taya ko akwatin kayan aiki gaba. Idan duk bai isa ba, aksil ne zai koma baya, wannan kuma wani aikin ne daban.

A fili tukuna: wani ya tsaya yana kallo, ka karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, gaba da ribas, a ga sarƙa da waya ba su ɗame ba. Sannan hanya mara cunkoso, rabin kaya, gudun 30, ka taka birki, ka tsaya ka duba. Sai 50, sai 70, sannan cikakken kaya. Idan ta fara lilo, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari a miƙe. Kada ka danne birki, kada ka yi ƙoƙarin bin ta da sitiyari. Idan ta natsu ka tsaya ka ƙara nauyi a gaba.

Bayan tafiyar farko sake matse kowane noti, ka ɗora doguwar sandar ƙarfe miƙaƙƙiya a kan wuyan ka leƙa ko haske na wucewa ta tsakiya, alamar ya fara lanƙwasa. Daga nan duk lokacin da za ka yi doguwar tafiya, goge gindin wuya da tsumma ka haska bakin walda. Abin da kake nema siririn layi ne kamar gashi, ja-ja, inda fenti ya tsage tsatsa ta tsatso, galibi a kusurwar fayif daidai inda ya fito daga ƙarƙashin shasi. Idan ka gan shi, a sauke kaya a nan, a ja ta a hankali zuwa gareji. Ba a bin tsagar da walda a ci gaba da aiki: a cire ƙarfen, a koma mataki na 4, a ɗauki wanda ya fi shi tsayi.